Essen: Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Daren Asabar ɗin da ta wuce, mun tashi daga wasa ana naɗe tabarmi, sai na ga wani ƙanena na majalisa ya tsaya yana taya ni kwashe kofunan shayi. Nan na san da magana a bakinsa, don tunda nake da shi ban taɓa ganin ya ɗaga ko cokali ba. Sai da kowa ya watse ya ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, in mutum ya tara kuɗi ya je Essen ɗin nan da kake ba mu labari, asara ya yi?" Na ce masa dare ya yi, ya tafi gida, zan ba shi amsa a rubuce. In a baki ne, na san halina, zuzuta tafiyar zan yi ta yi irin na wanda ya dawo daga Turai ya samu masu sauraro. A rubuce kuwa dole in yi lissafi.

Ga wanda bai san ni ba, aikin ɗab'i nake yi, ina da ɗan shago a Fagge. Katin biki, kalanda, rasit, littattafan Islamiyya, in kakar siyasa ta zo kuma fasta har sai inji ya ɗau zafi. Wasannin nan na faɗa cikinsu ne a 2017, lokacin da wani ɗan kawuna ya dawo daga karatu a Malesiya da kwalin Catan. Turawa na kiransu wasannin kan tebur. Mu ba mu da teburin, a tabarma muke bajewa a soron gidanmu, mu shida zuwa takwas, duk Asabar bayan Isha. Mutanen unguwa sun raɗa musu lidon Turawa, ni kuma na gaji da gyara musu.

Essen gari ne a yammacin Jamus, a yankin Ruhr, tsohon garin haƙar kwal da narka ƙarfe. Tun 1983 ake yin baje kolin da ake kira SPIEL a can, kalmar da ke nufin wasa da Jamusanci. Kwana huɗu ake yi, Alhamis zuwa Lahadi, a watan Oktoba, kuma duk duniya babu taron wasannin kwali da kati da ya kai shi cika. Na 2024 na je, wanda aka yi daga 3 zuwa 6 ga wata. Masu shiryawa sun ƙirga shigar mutum 204,000 a kwana huɗun, kamfanoni sama da 900 daga ƙasashe fiye da 50 suka kafa rumfa, sababbin wasanni kuma sun haura 1,500. Tikiti ƙarewa ya yi tas. Da ban saya ta intanet tun ina Kano ba, da sai dai in tsaya bakin ƙofa in yi kallon masu shiga.

Abu na farko da nake so ƙanena ya riƙe shi ne, a raɓe na je. Alhaji, maigidana da ya koya mini sana'a, ya samu labarin wani injin ɗab'i ƙirar Heidelberg na hannu a wajen wani dillali kusa da Dusseldorf. Ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tafiya, inji kuwa ba a sayensa a hoto, sai ya ce in je in ga yana aiki da idona kafin a tura kuɗi. Ni kuma na lallaɓa na sa aka tsayar da ranar a farkon Oktoba. Ban ɓoye masa dalili ba. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai har yau ka ƙi girma," ya ƙara mini kwana huɗu. Don haka tikitin jirgi da takardar gayyata duk na kasuwanci ne. Abin da ya fita daga aljihuna shi ne masauki na ƙarin kwanakin, da abinci, da kuɗin shiga, da kwalayen da na jibgo.

Ko hakan ma sai da na ji a jikina. Lokacin Yuro ɗaya ya haura naira 1,700. Da na je Wapa canji, damin kuɗi na miƙa ɗaure da roba, aka miƙo mini 'yan takardun da ba su cika aljihun gaban riga ba. Kuɗin biza kaɗai Yuro 90 ne, in an hana ka kuma ba a mayar maka da ko sisi. Ga inshorar lafiya da dole ta iya ɗaukar nauyin Yuro 30,000, ga bayanan banki na watanni, ga shaidar masauki, ga zuwa Legas a ɗauki zanen yatsu. Ka dubi wannan, sannan ka dubi ƙanena: saurayi ne ko aure bai yi ba, albashi ɗan kaɗan, fasfo fari fat babu tambari ko ɗaya, ya rubuta a fom cewa wasa zai kai shi Jamus. Ban ce ba za a ba shi ba. Amma mu da muke rantsuwa kullum cewa wasanninmu ba caca ba ne, wannan kam caca ce.

A cikin Essen otal-otal sun cika tun watanni kafin taron, wanda ya rage kuma ya ninka farashi. A Duisburg na sauka, kamar kwatan awa a jirgin ƙasa, daga babbar tashar Essen kuma sai ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba U11 ya dire ka a ƙofar filin. Ba sai ka tambayi hanya ba. Duk wanda ka gani da sassafe yana jan akwatin tafiya fanko, bi shi kawai.

Ranar farko ta faɗo a 3 ga Oktoba, ranar hutun tunawa da haɗewar Jamus, saboda haka kowa ya fito, da tsofaffi da goyo. Ƙarfe goma ake buɗewa, amma tun tara an cika farfajiya, ana tsaye tsit babu turereniya, har na fara yaba tarbiyyarsu a zuci. Ana buɗe ƙofa sai ga dattawa masu furfura sun zuba da sauri-gudu, kowa ya nufi rumfar da ya ji an ce kwafi kaɗan ta kawo. Ashe Kantin Kwari ana jibi Salla ba mu kaɗai ke da shi ba. Ni kuwa ƙauyanci na zuba son raina. Wanda ya saba da baje kolin Zoo Road, a sa shi cikin zauruka jere, manyan cikinsu kowanne ya haɗiye filin ƙwallo, ko'ina kwalaye har sama da kai. Awa biyu na farko ban zauna ko sau ɗaya ba, yawo kawai nake baki buɗe.

Abin da babu wanda ya gaya mini kafin in tafi shi ne, Essen kasuwa ce, ba majalisa ba. Kowace rumfa tana da 'yan tebura. Ka tsaya a kan masu wasa kamar mai jiran a tashi daga benci a wajen mai shayi, in sun tashi ka yi wuf ka zauna da duk wanda Allah ya haɗa ku. Ma'aikacin rumfar ya yi muku bayani, ku yi zagaye biyu ko uku, daidai lokacin da ka fara gane kan abin sai a ce muku cikin ladabi ai kun ga yadda yake, ga wasu na jira. Ka saya ko ka yi gaba. Wasan da sunansa ya fita sai ka yi kusan awa kana jiran kujera. A kwana huɗu wasannin da na buga daga farko har ƙarshe ba su wuce bakwai ba, alhali a soronmu dare ɗaya muna yin uku. Ƙarfe bakwai na yamma kuma a rufe, kowa ya kama gabansa. Mai son ya je ya yi ta wasa har dare, Gen Con ta Amurka ta fi dacewa da shi, wadda Gary Gygax, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri wasan Dungeons & Dragons, ya fara a 1968, take kuma zama a Indianapolis tun 2003. A can tun kafin ka je kake yin rajistar zaman da za ka shiga. Sai dai bizar Amurka kuma wani karatun ne.

Salla da abinci ba su wahalar da ni yadda na zata ba. Matafiyi ne ni, na riƙa haɗa Azahar da La'asar a wani lungu, babu wanda ya kalle ni sau biyu. Ranar Juma'a na fita na samu masallacin Turkawa, na dawo da shawarmarsu a ciki. Ita na yi ta ci har na bar ƙasar, na dawo Kano sati guda ban son ganin biredi.

Inda idona ya buɗe da gaske ba a teburan wasa ba ne. Akwai rumfunan masana'antun da ke buga wa kamfanoni wasannin, daga Sin da Foland da Jamus ɗin kanta. Jama'a na wuce su ko waiwaye babu, ni kuwa nan na tare. Na ɗauki kwali mai kaurin milimita biyu na murza, na lanƙwasa, na duba gefensa. Yanka sumul babu gashi, kana turawa da ɗan yatsa guntun ya faɗo da kansa. Katin kuwa ashe takarda biyu ce aka manne da baƙi a tsakiya, don kada haske ya ratsa na gaba da kai ya hango abin da ka riƙe. Shekara ashirin ina buga kati ban san da wannan ba. Wata 'yar Sin ta ga ina shinshina tawada, ta gane ɗan sana'a ne, ta ja mini kujera. Ta yi mini bayanin yadda suke busar da kwali kafin a rufe shi a leda, don kada ya kumbura ko ya karkace in ya daɗe a teku. Na tambaye ta mafi ƙanƙantar aikin da suke karɓa, ta ce kwafi dubu. Na ƙirga masu wasan da na sani a Kano kaf, na haɗa da matansu da 'ya'yansu, ban kai ɗari ba. Ta ba ni ɗan akwatin samfur kyauta. Yana nan a shago, kuma duk tsarabar da na kawo shi yaran shago suka fi girmamawa.

Na biyu kuwa 'yan majalisa ne suka ci ribarsa ba tare da sun sani ba, wato yadda ake koya wa mutane wasa. Da can in na kawo sabon kwali, littafin dokoki nake buɗewa, ni ne mai jan baƙi ni ne mai fassara, rabin awa ana abu ɗaya har wannan ya fara gyangyaɗi wancan ya koma latsa waya. A Essen wata matashiya ta koya mana wani wasa cikin minti biyar, mu huɗu, ni da wasu mata da miji 'yan Italiya da wani ɗan Koriya. Da yadda ake cin wasan ta fara. Sai abin da za ka yi in layi ya zo kanka, abu biyu ko uku. Shi ke nan ta ce a fara. Sauran dokokin sai mun iso kansu take faɗa, ɗai-ɗai da ɗai-ɗai. Na lura ko sau ɗaya ba ta ɗauki ɗan wasan wani ta motsa masa ba, nunawa take yi, kai ka motsa da hannunka. Bayan mun tashi na koma gefe na kalli yadda ta maimaita wa wasu huɗun, kusan kalma da kalma. Tunda na dawo haka nake yi, kuma rabon da wani ya yi barci a kan bayanina tun lokacin. Wani zai ce ai YouTube cike yake da irin wannan. Gaskiya ne. Shekara bakwai ina kallon bidiyon ban taɓa lura ba, sai da aka yi mini ni ne ɗalibin.

Yanzu ga inda na tafka wauta. Kwali 11 na sayo. Daren da zan taho na kwana ina ɓalle 'ya'yan wasa daga jikin kwali ina zubar da ɓawon, ina cusa ƙananan kwalaye cikin manya, ina cike gurbi da safa, don jaka kada ta wuce kilo 23. Yau sama da shekara guda ke nan, uku kawai ake bugawa.

Agricola, wasan noma da kiwo na Uwe Rosenberg, wasa ne mai kyau ƙwarai, amma cikin dabbobin da ake kiwatawa har da aladun daji. Wani abokinmu ya ɗaga ɗan baƙin katakon ya ce, "Malam, wannan fa?" Na ce baƙin rago ne. Babu wanda ya yarda. Camel Up kuwa, wanda ya ci kyautar gwarzon wasa ta Jamus a 2014, tseren raƙuma ne ana zuba kuɗin wasa a kan wanda zai zo na ɗaya. Daren farko dariya har da riƙe ciki, sai wani ya ce mu yi tunani, soron nan a bakin layi yake, in mai wucewa ya ji ana cewa "na zuba biyar a kan shuɗin raƙumi", gobe mai unguwa zai aiko. Aka mayar da shi kwali. Sannan muna da wani malami a cikinmu da ba ya taɓa ɗan lido, ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa, saboda hadisin nardu da ya zo a Sahihu Muslim. Wasunmu suna ganin illar tana ga caca da shagala daga salla ne. Ba ma jayayya a kai, in yana nan Azul ake yi ko Ticket to Ride, waɗanda babu jifa a cikinsu. Duk na san da wannan, amma na je na bi layi na sayi Sky Team, don shi ya ci kyautar ta 2024, kyautar da ake bayarwa tun 1979. Wasan mutum biyu ne, direban jirgin sama da mataimakinsa za su sauke jirgi, da 'yan lido ake yi, kuma doka ce in an jefa su ba a magana. Mu takwas, ga malam a zaune, sannan a ce Bakano ya yi shiru ana wasa. Kwana huɗun nan ko sau ɗaya ban tuna da tabarmarmu ba. Teburinsu nake gani, na yi ta saye kamar da su zan dawo gida.

Wanda ya fi kowanne karɓuwa kuwa bisa kuskure ya zo. Targi sunansa, na Andreas Steiger, ya fito a 2012. Buzaye ne ke fataucin dabino da gishiri da barkono, kati 16 a kewaye, 9 a tsakiya, ga ɗan fashi yana zagaye gefe. Ranar Lahadi ana karya farashi don masu rumfa ba sa son komawa da kaya, na ga raƙumi da rawani a jikin kwali na sure ban ko juya bayansa ba. Sai a Kano na buɗe na tarar duk rubutun Jamusanci ne. Laifina ne, a rubuce yake ƙarara. Na yi kwana biyu ina jin haushin kaina, sannan na tuna ai ɗab'i ne sana'ata. Na sa waya ta fassara mini, na zauna na juya shi da Hausar da za a gane, na buga a takardar sitika, na yanka na liƙa wa kowane kati. Dare uku na yi a kai.

Baba, wanda tun 2017 bai taɓa yi wa kayan wasanmu kallo na biyu ba, ya zo wucewa ya ga Hausa a jikin kati ya tsaya. Ya ɗaga na gishiri ya kawo kusa da ido. Daga nan sai labari: yadda Buzaye ke saukowa da kantun gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da turkuɗin Kura, da yadda za su wuni ana ciniki ɗaya ba su gaji ba. Ya duba katunan kaf ya ce, "Wanda ya yi wannan bai taɓa zama da Buzu ba. Ina shayin?" Yanzu duk yammacin Juma'a shi da babbar 'yata suke bugawa. Yana kiranta amarya, tana cinye shi, yana cewa sadakinta yake biya a hankali. Uwargida kuma ta kwashe Azul ta shige da shi cikin gida ita da matan yayyena, sai mun aika ake ba mu aro. Ita ce ma da ta ga hotunan Essen, mata da maza da tsofaffi a tebur ɗaya, ta tambaye ni wa ya ce wasan na 'yan soro ne kaɗai. Ita ce kuma ta haɗa kuɗin kwalayen nan 11 ta faɗa mini zango nawa ne na kuɗin makarantar yara. Ba zan rubuta adadin a nan ba.

To ka duba. Targi na 2012 ne, Azul na 2017, Ticket to Ride na 2004. Duk abin da ya zauna a tabarmarmu tsohon kaya ne, wanda sautu kawai za ka ba mai dawowa daga Ingila ko Dubai.

Daren da na fi tunawa da shi ba a filin baje kolin aka yi shi ba. A falon otal ɗinmu na Duisburg, masu dawowa daga Essen kan baje abin da suka sayo su yi ta bugawa har tsakar dare. Na raɓa wajen wani dattijo ɗan Holan da wasu samari biyu 'yan Foland. Ana cikin hira dattijon ya tambaye ni me muke bugawa a ƙasarmu. Na juya takardar abinci na zana gida 30, biyar a shida, na ba shi ƙwandaloli 12, ni na ɗebo ƙullin sukari 12. Na fara bayani, ai da farko kasawa ake yi, sannan a riƙa matsawa gida ɗaya, wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin wasa. Kafin in rufe baki ya ce, dara ke nan, jeri huɗu kuma ba ya ci. Ashe ya karanta ta a littafi shekaru da yawa, bai dai taɓa samun wanda ya tashi da ita sun buga ba. Murna kamar ya ga ɗan'uwansa. Abin da bai sani ba, rabona da dara tun ina sakandare. Na ci na farko da ƙyar, ya cinye ni uku a jere. Na zubar wa Kano da mutunci a gaban 'yan Foland. Da na dawo na je wajen dattawan da ke dara a gindin dalbejiyar bakin layinmu da niyyar in gyara hannuna, har na kai musu wadda na buga a kwali mai sheƙi. Suka juya ta, suka yaba, suka ajiye ta gefe aka ɗora mata buta. Wai kara ba ya tsayuwa a kwali.

Amsarka ke nan, ƙanena. In daga aljihunka za ka biya komai, daga Kano, don kawai ka je ka yi wasa ka sayo kwalaye, kada ka je. Kuɗin jirgin kaɗai zai cika maka kabad da wasannin da za mu shekara biyar ba mu gama da su ba. In kuwa wata hidima ta kai ka Turai a watan Oktoba, ko ka fara zana wasan kanka kana son ka ga yadda ake yi, ko kana sana'a irin tawa, to ka lallaɓa ka je ko da sau ɗaya. Kwana biyu sun ishe ka. Ka guji Asabar, ranar ko numfashi da ƙyar ake yi. Ka rubuta sunayen 'yan majalisa a takarda, duk kwalin da ka ɗaga ka duba takardar kafin ka duba farashi, sannan ka juya bayansa ka ga da wane harshe aka rubuta.

Kafin duk wannan ma, ka je Abuja. Abin kunya ne a ce na san hanyar Essen kafin in san akwai AB Con, taron masu wasannin nan da Kenechukwu Ogbuagu, mai kamfanin NIBCARD Games, ya fara tun 2016. Kamfanin nan a 2021 ya ci kyautar Diana Jones, wadda ake ji da ita a duniyar masu wannan harka, mu muna Kano ba mu da labari. Bayan na dawo na je. Mota daga nan ta Zariya zuwa Kaduna, in ka ga dama ka sauka ka hau jirgin ƙasa a Rigasa. Babu biza, babu Wapa. Taron bai kai ko kusurwar zaure ɗaya na Essen ba, amma na zauna da waɗanda suka zana wasannin da hannunsu, mun buga daga farko har ƙarshe, na ce wannan dokar ba ta yi ba, mai wasan ya ciro biro ya rubuta. Biyu daga cikinsu da suka ji sana'ata sun karɓi lambata, ɗaya har na buga masa katunan gwaji. Lambobin da na karɓo a Jamus kuwa, mun gaisa sau ɗaya a WhatsApp, shiru har yau, in ban da dattijon Holan da ke turo mini hoton dara lokaci-lokaci don ya tuna mini.

Injin kuwa ba mu saya ba. Da aka tayar da shi a gabana na ga tabo a jikin silinda, duk takardar da ta fito sai da ɗan layi a gefe guda. Na kira Alhaji ta bidiyo na nuna masa, ya ce in taho abina. Har yau in zancen ya tashi cewa yake yi tafiyar nan ta tsare masa miliyoyi, don haka in ana neman wanda kwalliya ta biya wa kuɗin sabulu tsaf, shi ne, kuma ko ƙofar gida bai fita ba.

Akwai kwali ɗaya cikin 11 ɗin nan da ko ledarsa ban yage ba. Ya kusa kilo uku, a jikinsa an rubuta awa uku ake yi ana bugawa, yana saman kabad ƙurar hunturu biyu ta hau kansa. In kana so ka zo ranar Asabar da wuri ka ɗauka. Sharaɗina ɗaya ne, ka karance littafin dokokin kai kaɗai, ka dawo ka koya mana cikin minti biyar, kuma ka tsaya kwashe kofuna.